Babi na Shida: In Ɗiga Masa Mai?

"Fankata ta fara kuka, in ɗiga mata mai?" Babu mai gyaran kayan lantarki da bai sha wannan tambaya ba, kuma sau da yawa ba a zuwa da ita sai bayan an riga an ɗiga. Mai tambayar yana da hujjarsa. Tun muna yara muka ga ana zuba wa sarƙar keke mai, ana ɗiga wa keken ɗinki, ana shafa wa ƙyauren da ke ƙara. Injin mota ma idan ya rasa mai, cikin 'yan mintuna zai buga. Saboda haka idan abu yana juyawa kuma yana kuka, hannu ba ya nufar komai sai kwalbar mai.

Amsar tana da fuska biyu. A cikin moton lantarki akwai wuri ɗaya tak da ke buƙatar mai, kuma ɗan kaɗan yake buƙata. Duk sauran cikinsa a bushe aka gina shi ya yi aiki. Abin da ya sa mutane ba sa ganin haɗarin shi ne, ɓarnar ba ta bayyana nan take. Ranar da aka zuba man, fanka takan yi shiru, ta ƙara gudu, mai ita ya ji daɗi. Sai bayan watanni a ji ƙauri, ta tsaya cak, a ce wutar NEPA ce ta ƙona ta. A lokacin kowa ya manta da kwalbar mai.

Abin da ke cikin moto

Idan aka kwance moton fanka, ko na famfon ruwa, ko na injin markaɗe mai aiki da lantarki, abubuwa uku za a fara gani. Akwai ɓangaren da ba ya motsi, wanda aka naɗe da wayar tagulla zagaye bisa zagaye, shi ne kwayil. Akwai dunƙulen ƙarfe da ke juyawa a tsakiya, da sandarsa da ta fito waje, wadda ake ɗaura wa fiffiken fanka ko fulin bel. Sannan a kowane ƙarshen sandar akwai abin da ke riƙe ta: ko dai boris mai 'ya'yan ƙarfe, ko kuma bushin, wato zobe mai santsi da sandar ke juyawa a cikinsa.

A dubi tsakanin dunƙulen da ke juyawa da ɓangaren kwayil da kyau. Ba sa taɓa juna. Akwai 'yar tazara ta iska a tsakani, wadda a ƙananan injuna ba ta kai milimita 1 ba. Ƙarfin maganaɗiso ne ke tsallake wannan tazarar ya juya dunƙulen. A nan moton lantarki ya sha bamban da injin fetur, inda fistin ke goga jikin silinda sau dubbai a minti guda. A moto, wurin da ƙarfe ke ɗaukar nauyin ƙarfe shi ne boris ko bushin, kuma nan ne kawai gidan mai.

Wayar kwayil kuwa, duk da tana sheƙi kamar tsirarar tagulla, ba tsirara take ba. An lulluɓe ta da wani siririn rufi da bai kai kaurin gashin kai ba, bayan naɗi kuma a sake jiƙa ta da banish a busar. Wannan rufin ne ke hana zagaye ɗaya ya haɗu da na kusa da shi. Ranar da ya tsage a wuri ɗaya, wuta za ta yanke hanya, wurin ya yi zafi fiye da kima, ƙunar ta ci gaba da cin maƙwabta har kwayil ya zama gawayi. Rayuwar moto gaba ɗaya a kan wannan siririn rufin ta rataya.

"Ai mai ba ya ɗaukar wuta"

Wanda ya ɗan san lantarki zai ce, to ai mai ba ya ɗaukar wuta, me zai yi wa kwayil? Gaskiya ya faɗa. Taransifomar da ke bakin layinku cike take da mai, kwayil ɗinta a nutse yake a ciki shekara da shekaru, man yana sanyaya shi yana kuma hana wuta tsallakawa. Moton da ke cikin kwamfuresar firji shi ma da mai yake zaune a gida ɗaya. Akwai kuma famfunan rijiyar burtsatse da aka cika motonsu da mai tun daga kamfani.

Amma a lura da abin da ya haɗa su. Dukkansu a rufe suke, ƙura ba ta samun hanya. Man da ke ciki tatacce ne, an raba shi da danshi, an zaɓe shi don ya jitu da rufin wayar. Kuma babu ɗaya a cikinsu da ke da burushin da ke tartsatsi. Moton fankar ɗakinka a buɗe yake, iska na shiga ta nan tana fita ta can, duk abin da iskar ta kwaso kuma a ciki take sauke shi. Mai tsabtatacce ba ya ɗaukar wuta, amma a cikin buɗaɗɗen moto ba ya daɗewa yana tsabtatacce.

Baƙin man da aka juye daga injin mota ko janareta kuwa, tun kafin a zuba shi ya riga ya ɓaci. Yana ɗauke da toka, da ɓurɓushin ƙarfe, da ɗan ruwa, da sinadarai masu cin abu da ƙonewar fetur ta bari. Shi ne kuma ya fi sauƙin samu, don ko a gareji aka roƙa za a ba mutum a kyauta.

Mai, ƙura da zafi

Busasshiyar ƙura ba ta cika zama a cikin moto ba. Iskar da ke sanyaya shi takan fitar da mafi yawanta, ragowar kuma ana iya hure ta. Da zarar mai ya taɓa kwayil, labari ya canza. Duk ƙwayar ƙurar da ta bi ta wurin za ta manne. Sabuwar ƙurar ta tsotse man, ta zama danƙo, ta kama wata. A ƙasar Hausa wannan aikin ba ya ɗaukar lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura mai laushi daga hamada, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, kuma babu ramin da ba ta shiga. A shagon niƙa akwai garin masara da dawa a kan wannan, a shagon tela akwai ɓurɓushin zare, a wurin kafinta akwai garin katako.

Bayan 'yan watanni, idan aka buɗe moton, za a tarar da kwayil ya yi baƙi ƙirin da wani kauri mai maiƙo, ramukan iska kuma sun toshe. Moton ya koma kamar mutumin da aka lulluɓa wa bargo da tsakar rana a watan Afrilu, aka kuma ce ya ci gaba da aiki. Zafin da kwayil ke haifarwa ba shi da mafita.

Zafi kuwa shi ne babban mai kashe rufin waya. Masu ƙera moto sun kasa rufin aji-aji bisa zafin da zai iya jurewa, kuma ana buga harafin ajin a jikin farantin moto: ajin A digiri 105 a ma'aunin Salshiyas, B digiri 130, F digiri 155, H digiri 180. Injiniyoyi suna da ƙa'idar da suka daɗe suna aiki da ita: duk ƙarin digiri 10 a kan abin da aka tsara yana raba tsawon rayuwar rufin biyu. Wato moton da ya kamata ya yi shekara 20, idan ya riƙa aiki da ƙarin digiri 10 zai yi kamar 10, idan ƙarin ya kai digiri 20 kuma ya dawo 5.

Akwai wani abin da ya kamata mu riƙe musamman. Lissafin masu ƙerawa ya ginu ne a kan cewa zafin iskar da ke kewaye da moto ba zai wuce digiri 40 ba. A Sakkwato, da Maiduguri, da Yamai, da bazara zafin inuwa kansa yakan haura haka, balle a shagon kwano. Moton da ke aiki a nan ya riga ya cinye rarar da aka bar masa tun yana da tsabta. Abin da zai yafe wa mai shi a ƙasa mai sanyi, a nan ba zai yafe ba.

Da damina kuma wannan danƙon mai da ƙura yana tsotsar danshi. Datti mai laima yana ɗaukar wuta, ko da kaɗan ne, sai ta fara silalewa daga kwayil zuwa gangar jikin moto. Wannan na cikin dalilan da ke sa a taɓa jikin famfo a ji yana ɗan ja. Haka nan mai yana kumbura wasu nau'o'in robar da ke rufe wayoyin da suka fito daga kwayil, ta yi laushi, ta saɓule.

Moto mai burushi

Duk abin da aka faɗa a sama a hankali yake faruwa. Inda mai ke saurin kisa shi ne a moto mai burushi, irin wanda ke cikin bilenda, da injin huda, da injin yankan ƙarfe na masu walda, da ƙaramin moton keken ɗinki, da kik ɗin mota.

A irin wannan moto, kwayil yana jikin ɓangaren da ke juyawa, wanda masu gyara ke kira amecha. Don wuta ta isa gare shi, an yi wa ƙarshen amecha wani zobe na yankakken tagulla, yanki-yanki a jere, da siririn rami tsakanin kowane yanki da na kusa da shi. Wasu 'yan dunƙulen kabon, galibi guda biyu, suna danne a kan zoben da ƙarfin sifirin, suna miƙa masa wuta yana gudu. A bilenda wannan gudun yakan wuce zagaye 10,000 a minti ɗaya.

Kabon yana cinyewa a hankali, haka aka yi shi, kuma garinsa busasshe ne da iska ke kwashewa. Amma garin kabon yana ɗaukar wuta sosai. Idan ɗigon mai ya gangaro daga boris ya hau zoben, sai ya kwaɓa garin ya zama baƙin ƙulli, ƙullin ya cika ramukan nan da aka bari don su raba yankunan tagulla. Ka ɗauki amechar da ta sha mai, ka ja tsinken ashana a cikin ramin: zai fito da baƙin abu mai danƙo, yana ɗan ƙyalli. Wannan abin ya haɗe yankunan da bai kamata su haɗu ba. Wuta tana zagayawa ta cikinsa maimakon ta yi aiki, amecha tana zafi, ƙarfin injin yana raguwa.

A lokaci guda man yana shiga tsakanin kabon da tagulla ya hana su haɗuwa da kyau. Wuta sai ta riƙa tsallakawa da tartsatsi. Tartsatsin yana ƙona man, ya bar dauɗa mai tauri, ya kuma rarake fuskar tagulla, ita kuma ta koma tana cin kabon kamar samfefa. Danƙon yakan liƙe kabon a cikin gidansa har sifirin ya kasa tura shi. Mai walda zai ga wuta tana kewaye zoben ta ramukan iska, ya ji injin yana canza murya, ya sayi sabon kabon, bayan kwana kaɗan shi ma ya cinye. Matsawar ba a wanke ramukan ba, kabon nawa aka saya haka zai tafi.

Kik ɗin mota ya fi kowa jin jiki a nan, domin da bolt 12 kacal yake aiki, amma yana jan wuta fiye da amfiya 100 a lokacin tayar da inji. Ƙarfin da bai wuce bolt 12 ba, ɗan maiƙo ya isa ya tare shi. Direba ya murza makulli ya ji "ƙas" kawai, ko injin ya juya da ƙyar, ya ɗora laifin a kan batir.

Makunnin da ba a gani

Yawancin famfunan ruwa manya da injunan niƙa masu aiki da wutar gida suna da wani makunni a ciki. Aikinsa ya haɗa kwayil na tashi a daƙiƙun farko, idan moto ya ɗauki gudu kuma ya cire shi. Wannan kwayil na tashi ba a yi shi don ya daɗe da wuta ba. Idan mai da ƙura suka liƙe makunnin ya kasa buɗewa, kwayil ɗin zai ƙone cikin ɗan lokaci. Idan kuma maiƙo ya ƙone a bakinsa ya hana shi haɗuwa, moton zai tsaya yana gurnani ba ya juyawa, sai an murza shi da hannu.

Ta ina man ke shiga

Hanya ta farko ita ce hannun mai abu. Mutum ya ga ramuka a bayan fanka, ya ɗauka don mai aka yi su, ya tsiyaya. Ramukan iska ne, kuma kwayil ne kai tsaye a bayansu. Wasu kuma suna fesa gwangwanin WD-40 ta nan. Wannan ruwan yana da amfaninsa wajen kwance tsatsa, amma tsinkakke ne ƙwarai, yana wanke man da ke cikin bushin ya tafi da shi, kuma yana kama wuta.

Hanya ta biyu ta fi ban takaici, domin masu kula da injinsu ne ke faɗawa cikinta. Manyan injuna suna da ƙaramin baki da ake ɗura wa boris giris ta nan. Ma'aikaci mai himma sai ya riƙa bugawa duk mako, yana ganin gara ya yi yawa da ya yi kaɗan. Famfon giris na hannu yana iya tura shi da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota fiye da sau ɗari. Idan gidan boris ya cika, rarar ba ta da inda za ta sai ta fasa sil ta faɗa ciki, dunƙulen da ke juyawa ya watsa ta a kan kwayil. Boris ɗin kansa ba ya tsira, domin 'ya'yansa suna ta dama giris ɗin da ya cushe su, zafi ya tashi, giris ya narke, mansa ya tsiyaye, a bar busasshen saura. Garin neman gira an rasa ido. Binciken da aka yi a Amurka a shekarun 1980 kan manyan injunan masana'antu ya nuna cewa sama da kashi 40 cikin 100 na lalacewarsu daga boris take farawa, kuma duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san yawan giris na kashe boris kamar yadda rashinsa ke yi.

Hanya ta uku ita ce yoyo daga maƙwabci. A mota, gasket ɗin murfin saman inji ko wani sil ya tsufa, mai ya riƙa ɗiga a kan kik ko altaneta. A wanke kik sau goma, idan ba a toshe yoyon ba za a dawo. A injin yankan ƙarfe kuma, giris ɗin gidan giya ne ke narkewa ya bi sanda ya koma baya.

Wane mai, kuma nawa

Fara da sanin abin da ke riƙe da sandar. Fankar sama da mafi yawan ƙananan famfuna suna da rufaffen boris, irin su lamba 6201 da 6202 da 6203, da haruffan ZZ ko 2RS a bayan lambar. An cika su da giris daga kamfani an rufe. Idan irin wannan ya fara kuka, ya gama aikinsa ne, canza shi ake yi. Man da aka ɗiga masa daga waje ba ya shiga yadda ya kamata, gangarawa yake yi ya nemi kwayil. Kuɗin boris kuma ko kusa bai kai kuɗin sabon naɗi ba.

Fankar ƙasa da ta tebur galibi bushin gare su. Wannan zoben ba dunƙulallen ƙarfe ba ne. Da garin tagulla ake yin sa, a matse a gasa, ya fito da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, sannan a shayar da shi mai har kusan kashi ɗaya cikin biyar na jikinsa. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fito da shi a 1930. Idan sanda ta juya ta ɗumama, zoben yakan fitar da man, idan ta huce ya sake tsotse shi. A kewayensa akwai wani ɗan soso mai kauri da ke ajiye masa guzuri. Idan fanka ta fara nauyin tashi, a cire ta daga wuta, a buɗe, a goge sandar tas, a ɗiga ɗigo biyu ko uku na man keken ɗinki ko wani mara kauri irinsa a kan soson da bakin zoben. Duk abin da ya gangaro a share shi kafin a rufe.

Man gyaɗa, da manja, da man ridi, kada ma a fara. Ranar farko suna da santsi, amma zafi da iska suna daskarar da su su zama danƙo, su toshe ƙofofin zoben. Na fi tausayin fankar da aka zuba wa man girki a kan wadda aka bari a bushe, domin ta biyun ɗigo uku za su tashe ta, ta farkon kuwa sai an canza bushin.

Ga manyan injuna masu bakin giris, a bi abin da farantin moto ko littafinsa ya ce. A goge bakin kafin a buga. Idan akwai mafita a ƙasan gidan boris, a buɗe ta, a bar moton ya yi gudu na ɗan lokaci don rarar ta fita. Idan da hannu ake cikawa, daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin gurbin ya isa. Kada kuma a gauraya giris iri biyu ba tare da sani ba, don wasu idan sun haɗu tsinkewa suke yi su zube.

Idan ya riga ya shiga

Kada a kunna don a gani ko yana aiki. A cire shi daga wuta, a tuna kuma kafasito na iya riƙe caji bayan an cire, don haka a bar wanda ya san yadda ake sauke shi ya yi. A kwance moton, a share abin da tsumma zai iya ɗauka, a wanke sauran da ruwan wanke kayan lantarki da ake sayarwa a gwangwani, wanda ke bushewa ba tare da ya bar maiƙo ba. Tina mai ƙarfi tana iya narkar da banish. Fetur kuwa, da shi aka fi wankewa a gareji, kuma tururinsa da tartsatsin burushi ba sa haɗuwa a kwashe lafiya.

A moto mai burushi, a bi ramukan zoben ɗaya bayan ɗaya da tsinken itace har su fito fes, a wanke gidan kabon, a sa sabon kabon, domin wanda ya sha mai ba ya sakinsa. A bar komai ya bushe sarai. Idan moton mai tsada ne, yana da kyau a kai wa mai naɗin da ke da na'urar mega, wadda ke tura bolt 500 tsakanin kwayil da gangar jiki ta nuna ko rufin yana nan da ƙarfinsa. Idan kwayil ya riga ya canza launi yana warin ƙuna, wanki ba zai dawo da shi ba, sai sabon naɗi.

To amma akwai moton da ake buɗewa a tarar da shi fes, babu mai, babu ƙura, boris lafiya lau, kwayil kuma ya ƙone ƙurmus. A nan zargin da ake yi wa wuta yakan zama gaskiya. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, wuta mai rauni, wadda ƙwan fitila ke ja da ita kamar garwashi, ta fi wuta mai ƙarfi yawan ƙona famfo da firji. Yadda hakan ke faruwa, da abin da za a yi kafin a kunna inji a irin wannan wuta, shi ne zancen babi na gaba.